Dattijo, Gem Ɗin Kashim Injiniya

A unguwar Diffa Kura akwai wani mutum, Kashim, wanda ake kira Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, ba kuma mutanen gari ba. Shi ya raɗa wa kansa ranar da ya gyara rediyon wani maƙwabcinsa. Rediyon ta tashi kam, sai dai tun daga ranar ba ta magana sai an kifa ta rub da ciki an ɗora mata dutse.

Kashim na da gashin baki mai lanƙwasa kamar ƙahon rago, yana da mata, Yakaka, mai sayar da zoɓo da ƙanƙara a ƙofar gida. Amma abin da ya fi ji da shi duk duniya wani tsohon gem ne na hannu, wanda kawunsa direba ya kawo masa daga Maiduguri tun yana saurayi. Ruwan toka ne, kauri kamar bulo, gilashinsa bai fi kwalin ashana ba, ba shi da launi sai wani kore-kore irin na ruwan gulbi in ya kusa ƙafewa. Pil ake sa masa irin na cocila. Kaset ɗinsa guda, wasansa guda: tubala na faɗowa daga sama, kana jera su. Kashim ya sa masa suna Dattijo.

Kullum da la'asar ana fada a gaban butik ɗin Timothée, mutumin Dogon Dutsi mai sayar da salula da caja. Saboda Dattijo, Kashim ke zama a kujera mai jingina, shi ake fara miƙa wa shayi. Magidanta da gemunsu sukan leƙo ta kafaɗarsa suna cewa, “Juya shi, Injiniya! Sa shi can gefe!” Shi kuwa ya ce, “Ku bari, wannan aikin masu ilimi ne.”

Ana haka Timothée ya tafi Yamai sarin kaya, ya dawo da sabon gem.

Faɗinsa ya kai faranti, amma siriri kamar wainar da ba ta samu ƙullu ba. Da ya kunna, fada ta yi tsit. Launi ko'ina. 'Yan ƙwallo na gudu, ciyawa na kaɗawa, har gumin goshin mai tsaron gida ana gani. In an ci ƙwallo, abin ya yi rawa a tafin hannu. Ba a cika minti ba, duk wuyan da ke fadar ya juya wajen Timothée. Mai haɗa shayi ya miƙa masa kofin farko ba tare da ya san ya yi ba.

Kashim ya yi gyaran murya. Ba wanda ya waiwayo. Ya ƙara yi har ya shaƙe.

“Maƙwabci,” in ji shi, “wannan madubin mata da ka sayo, mi yake ci?”

“Kuran, Injiniya, wutar lantarki. Caji ake masa kamar salula.”

“To in kuran ya yanke?”

“Sai a jira.”

“Kun ji ko! Sai a jira! Dattijo bai taɓa jiran kowa ba. Ka ba shi pil, ya kai ka Cetimari ya dawo da kai, ya raka ka Gagamari gaisuwar mutuwa, bai ce ya gaji ba.”

“Amma wannan wasanninsa ba su ƙirguwa,” in ji Timothée cikin dariya. “Ta rezo, wato intanet, ake sauko da su. Naka fa? Tun da na zo garin nan gini kake yi, har yau ba ka yi ɗaki ko ɗaya ba.”

Fada ta kwashe da dariya. Gashin bakin Kashim ya motsa.

“Ƙarko ake magana, ba kwalliya ba! Dattijo ya taɓa faɗawa kogin Komadugu. Tarwaɗa ta haɗiye shi. Sai bayan damina aka kama ta, aka tsaga cikinta, aka same shi a kunne.”

“A kunne?” in ji Timothée.

“A kunne. Har ta jera layi ya fi naka.”

Baba Alkali, dillalin tattasai, wanda Alkali sunansa ne ba sana'arsa ba, ya ajiye kofinsa ya ce, “To ku daina cika mu da baki. Ranar kasuwa ku kawo su rumfata, kowa ya gani da idonsa. Wanda ya ci, kujera tasa, kofin farko nasa.”

Timothée ya ce shi don nishaɗi ya sayi abinsa, ba don shari'a ba. Amma Kashim ya riga ya miƙe tsaye, ya ɗaga Dattijo sama, yana kiran masu wucewa su zama shaidu.

Da Kashim ya bar Dattijo yadda Allah ya yi shi, da labarin ya ƙare nan. Amma da ya koma gida ya zauna ya dube shi, sai ya ga gilashin ya yi masa ƙanƙanta, muryar ta yi siririya, launin ya yi talauci. Ya murza gashin baki ya ce, “Dattijo, duk abin da yaron nan ke taƙama da shi, zan sa maka ninkinsa.”

Ya fara da launi. Ya sayo alawa ja da shuɗiya da rawaya, ya shanye, ya manna takardunsu a kan gilashin da salatif. Ya je wajen masu gwangwan ya samo gilashin wani mataccen majigi, mai kauri kamar gindin kwalba, ya ɗaura shi a sama da robar tayar keke don ƙara girma. Don murya, ya ari lasifikar Gaji mai tallar magani. Saura wuta.

Yakaka na da firigo mai aiki da batirin sola, a cikinsa take daskarar da ƙanƙara da zoɓon da take sayarwa. Ta fito ta tarar da mijinta tsugune gaban batirin yana shafa shi kamar mai tayin rago.

“Baban Bushra, mi kake nema a nan?”

“Bincike nake.”

“Binciken da ka yi wa fankata har yanzu baya take hura iska.”

“Bango ma yana jin zafi, Yakaka.”

“Wallahi ka taɓa batirin nan, ni da kai ne. Gobe kasuwa, na cika firigo har baki.”

“Haba, ni da nake gyara na mutane zan ɓata na gida?”

Da safe, tana fita gaida wata maƙwabciya da ta haihu, ya kwance batirin. Ya ɗaga, ya ji kamar ya ɗaga jaki. Ya aro baro, ya ɗora batiri, ya ɗora lasifika, ya jera wayoyi ja da baƙi, ya kafa Dattijo a bisa kamar ango, ya rufe da zanen gado ya nufi kasuwa.

Kasuwar tattasai ta cika. Buhuna jibge har sun fi mutum tsawo, manyan motocin kamiyo na lodi, raƙuma da jakuna na ɗaure a gefe. Labari ya riga ya zaga, an yi da'ira a gaban rumfar Baba Alkali. Timothée ya iso da gem ɗinsa a aljihun riga. Can sai ga Kashim yana turo baro, taya na kuka, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

Ya yaye zanen. Jama'a suka ja da baya.

“Injiniya,” in ji Baba Alkali, “gem ɗin hannu muka ce.”

“Da mi na turo shi, Baba? Da ƙafa?”

“Timothée ya fiddo nasa daga aljihu.”

“Aljihu wurin ɓarayi ne. A zo a saci wannan in gani.”

Baba Alkali ya rasa ta inda zai kama maganar, ya ce to a ji murya.

Timothée ya kunna nasa, aka ji ihun 'yan kallon ƙwallo tangararan kamar ana filin. Kashim ya yi murmushin tausayi, ya ce a matsa baya saboda masu hawan jini, ya danna maɓallin lasifika.

“MAGANIN BASIR! MAGANIN TSUTSAR CIKI! MAGANIN SANYIN ƘASHI! A ZO A SAYA KAR A YI KUNYA!”

Ashe muryar Gaji ce da ya naɗa a ciki. Kashim ya danna nan, ya danna can, ya buga ta da tafin hannu, ta ƙara ƙarfi. Wani tsoho Bafillace ya kutso ta cikin jama'a yana kwance bakin zaninsa.

“Na sanyin ƙashin za ka ba ni.”

“Baba, ba magani ba ne, gem ne!”

“To ba ni gem ɗin, in dai yana aiki.”

Da ƙyar aka lallashe shi. Lasifikar ta ƙi mutuwa, sai aka cusa mata hular wani a baki, ta koma tallar basir cikin raɗa.

“Yanzu a ga hoto,” in ji Baba Alkali.

Ya leƙa na Timothée ya ce, “Tabarkalla, har igiyar takalminsu.” Ya sunkuya a kan gilashin majigin Kashim, ya runtse ido ɗaya. Nan take ya yi tsalle baya har carbinsa ya faɗi.

“A'uzubillahi! Wace dabba ce wannan mai ƙaho?”

Kashim ya leƙa. Cinnaka ce. Zaƙin takardun alawar ya jawo su tun a gida, sun shige ƙarƙashin salatif, gilashin kuwa ya mai da kowace kamar bunsuru.

“Wannan,” in ji Kashim, bai ko ƙifta ido ba, “shi ne dodon ƙarshe. Ba kowa ke kaiwa wurinsa ba. Na maƙwabci hoto ne kawai. Nawa da rai.”

Ya ɗauki Dattijo ya fara danne-danne don ya nuna gwaninta. Dodon ƙarshe da danginsa suka fito ta gefen maɓallai, suka bi yatsu, suka shige hannun riga. Kashim ya ciji leɓe. Kafaɗa ta fara tsalle. Gwiwa ta ɗauka. Can ya shiga juyi a wuri ɗaya yana dukan hammata da gwiwar hannu, bai saki gem ba.

“Lafiya, Injiniya?” in ji Timothée.

“Naka... wayyo... naka a hannu kaɗai yake rawa! Nawa... kai!... har mai shi!”

Mata masu sayar da ƙuli suka fara yi masa tafi. Wani ya ɗauko gwangwani yana ba shi kiɗa.

A daidai nan abu ya juya. Rana ta take tsaka, zafin Diffa ya sauko da gaske. Gem ɗin Timothée, wanda ke hannu-hannu tun safe, ya yi zafi kamar kaskon tuya, ya nuna jan alama, ya ɗauke ɗif. Timothée ya girgiza shi, ya hura masa iska, ya ɗaga kafaɗa.

“Ya mutu, Baba. Sai ya huce an yi masa caji.”

Dattijo kuwa, a ƙarƙashin takardun alawa da gawar cinnaka, yana nan yana 'yar waƙarsa, tubala na sauka abinsu.

Baba Alkali ya gyara zama ya ce, “To jama'a, in dai juriya ce, a gaskiya tsohon nan...”

“Tsaya, Baba!” Kashim ya ɗaga hannu, yana susar ciki da ɗayan. “Ni ba na karɓar nasarar sadaka. Gobe a ce rana ce ta ci mini? Sai an yi gwajin faɗuwa.”

“Ni ban jefar da nawa,” in ji Timothée. “Na yarda, ka ci. Ɗauki kujerar, ɗauki butar shayin ma.”

“Tsoro! Kun gani? To ni daga kan kamiyo zan jefo nawa. In abu ya lalace a gwajin nan, ga Maina wanzami can, ya aske gashin bakin nan a gaban kowa!”

Aka yi kabbara. Maina ya fara wasa aska a tafin hannu.

Kashim ya kwance gilashin majigin don kar ya fashe, ya jingina shi a bakin wani buɗaɗɗen buhun barkono na Baba Alkali, fuskarsa na kallon rana. Ya tsinke wayoyin, ya rataya lasifika a kafaɗa, ya kama igiyar lodi ya hau can ƙololuwar buhunan da ke kan kamiyo. Da ya ga kasuwa duka a ƙarƙashinsa, kawuna sun ɗago, sai ya ji ba zai iya jefowa haka kawai ba tare da jawabi ba.

Ya fara daga kawunsa direba. Ya bi ta tarihin pil. Ya koma kan tarwaɗar, wadda yanzu ta zama kada. A ƙasa kuwa, rana ta tattara kanta cikin gilashin majigi ta zama ɗan ɗigo fari a kan busasshen barkono. Ɗigon ya yi baƙi. Wani siririn hayaƙi ya miƙe.

Baba Alkali ne ya fara atishawa. Na kusa da shi ya amsa. Kafin a gane daga ina, hayaƙin ya bi layin rumfuna. Tari ya kaure, idanu suka kawo ruwa, masu ƙuli suka rufe fuska da gyale suna neman hanya.

Kashim ya duba ƙasa ya ga dattawa na share hawaye, zuciyarsa ta yi laushi.

“Kar ku yi kuka, 'yan'uwa! Ni ma da na tuna, abin na taɓa ni!”

“Wuta, Injiniya! Sauko!”

“Na sani! Maganata wuta ce!”

Wani raƙumi ya yi wata irin atishawa da ba a taɓa ji ba a ƙasar Manga, ya tsinke dabaibayi. Jakuna suka ɗauki kuka. Hular da ke bakin lasifika ta faɗo, muryar Gaji ta dawo da dukan ƙarfinta a kan mutanen da ke gudu: “A ZO A SAYA KAR A YI KUNYA!”

Sai iska ta ɗauki hayaƙin ta kai wa Kashim har inda yake. Ya buɗe baki zai ce “Dattijo”, atishawa ta riga shi. Ta farko ta tuɓe masa hula. Ta biyu ta sa ya ajiye gem a kan buhu don ya dafe hanci. Ta uku ta ɗauke ƙafafunsa. Ya gangaro ta gefen kamiyo yana kama iska, ya faɗa zaune cikin baronsa, baron ya tafi da shi 'yar tafiya ya kifar da shi gab da buhun da ke ci.

Da ya ɗaga kai, ƙafafun da ya gani ya san su.

Yakaka ce, ɗauke da babban bokiti. Duk ƙanƙararta da zoɓonta da suka narke ta juye a ciki ta ɗauko tun daga Diffa Kura, don ya gani da idonsa. Ta dubi mijinta, ta dubi wutar. An ga tana shawara da zuciyarta. Sannan ta sheƙa wa buhun rabi, ya yi cuuu, wutar ta mutu. Ragowar rabin ta ɗaga a hankali, ta juye wa Kashim tun daga tsakar ka.

“Wancan don kasuwa,” in ji ta. “Wannan don firigo.”

Da hayaƙi ya lafa, mutane suka dawo ɗaya-ɗaya, ido jajur, hanci na zuba. Yaron mota ya miƙo Dattijo daga kan lodi, ya suɓuce masa ya daki ƙasa, ya yi tsalle, ya kwanta. Timothée ya ɗauka, ya ɓare takardun alawar, ya kakkaɓe. Tubala na nan na sauka. Ya juya bayansa ya duba, sai ya fashe da dariya har da tari.

“Injiniya, wayar batirin nan ina ka sa ta?”

“A... a bayansa.”

“Da roba ka ɗaure ta a jikin murfi. Ba ta shiga ko'ina ba. Tun safe da pil ɗinsa yake aiki.”

Yakaka ta ajiye bokitin a hankali. “Wato ƙanƙarata ta narke don batiri ya zo yawon kasuwa?”

Zoɓo na ɗiga daga gashin bakin Kashim.

Baba Alkali ya fyace hanci, ya dubi buhunsa da ya zama gawayi da miya, ya ce, “Ga hukunci. Sabon nan ya fi daɗin ido, amma rago ne, ba ya son rana. Tsohon nan mummuna ne, amma ko jaki bai kai shi haƙuri ba, tunda ya zauna da kai shekara da shekaru bai lalace ba. Gem biyu sun ci. Mutum ɗaya ya faɗi, kuma duk mun ga faɗuwarsa. Za ka mai da batiri, za ka yi mini dakon buhu har kakar tattasai ta wuce. Ka kuma ce in abu ya lalace a gwajin nan a yi aski. Barkonona abu ne. Maina, bisimilla.”

Aka zaunar da Kashim a kan buhu. Maina ya shafa sabulu, ya ɗora aska, ya sauke gefen dama tas. Ya ɗaga hannu zai koma hagu, sai hancinsa ya fara motsi. Ya ja numfashi, ya ƙara ja. Atishawar ta zo da askar a hannu, girar Kashim ta dama ta bi gashin bakin. Maina ya ce a yi haƙuri, ya sake matsowa, hancin ya sake motsi.

Kashim bai jira ta biyu ba. Ya yi wuf ya miƙe, ya tsaya can nesa da askar, jajur da zoɓo, rabin fuska sumul kamar ƙwai, rabi da gira da gashin baki mai lanƙwasa. Kasuwa ta kwanta da dariya, har Yakaka sai da ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Ya bari suka yi mai isarsu. Sannan ya murza rabin da ya rage, ya juya musu kuncin hagu, ya juya musu na dama.

“Ku dai ba ku gane ilimi ba,” in ji shi. “Wannan gefen tsohon yayi, wannan sabon yayi. Ku matso ɗaya-ɗaya ku kwatanta, kar a yi turereniya.”